Tambayi Lauya: Aure ya mutu, yara a hannun wa za su zauna?

Assalamu alaikum. Wasiƙun da suka taru mini wannan watan, yawancinsu kan yara ne bayan rabuwar aure. Na ɗebi biyar, na cire sunaye, wasu na rage musu tsawo.

Barista, mijina ya sake ni wata tara da suka wuce. Muna da yara biyu, mace 'yar shekara shida da namiji mai shekara biyu da 'yan watanni. Ina gama idda ya turo yayarsa ta ɗauki macen, wai za ta yi musu hutu. Har yau ba ta dawo ba. Da na yaye namijin, shi ma aka zo aka tafi da shi. Yanzu duk suna hannun amaryarsa. Na kai wa mahaifina kuka, ya ce ɗa na ubansa ne, kada in ja masa abin kunya in kai uban 'ya'yana kotu. Shin ina da wani haƙƙi kuwa?
Wata uwa, Kurna, Kano

'Yar'uwa, kina da shi, babba ma kuwa.

Maganar Baba gaskiya ce ta fuska ɗaya. Ɗa na ubansa ne wajen nasaba, sunansa zai ɗauka, shi ne waliyyinsa, shi zai ci da shi ya tufatar da shi, in mace ce shi zai ba da aurenta. Amma riƙo, wato inda yaro zai kwana ya tashi, wanda zai yi masa wanka ya san ranar da jikinsa ya yi zafi, wannan Shari'a ta ware shi daban, ta kira shi hadana, ta kuma sa uwa a gaba. Ƙwace yaro ranar yaye al'adarmu ce, mun gaje ta har mun ɗauka addini ne. Kotunan shari'ar Musulunci a Arewa da Mazhabar Malikiyya suke hukunci, ita kuwa a cikin mazhabobi huɗu ita ta fi barin yaro ya daɗe a hannun uwa. Ɗauko Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajirin zaure ya sani: riƙo na uwa ne bayan saki, namiji har ya balaga, mace har a ɗaura mata aure ta tare a ɗakin mijinta. Babu yaye a ciki, babu shekara bakwai.

Tushen abin kuma ba ɓoyayye ba ne. Abu Dawud ya ruwaito cewa wata mata ta zo wa Manzon Allah (SAW) ta ce cikinta ne ya ɗauki ɗanta, nononta ya sha, cinyarta ya kwanta, ga shi ubansa ya sake ta yana son raba ta da shi. Ya ce mata ita ta fi cancanta da shi muddin ba ta yi aure ba. A Muwaɗɗa kuma akwai labarin Sayyidina Umar, da ya tarar da ɗansa Asim yana wasa a Ƙuba ya ɗora shi kan abin hawansa zai tafi da shi, kakar yaron ta wajen uwa ta biyo shi suka yi jayayya har gaban Sayyidina Abubakar. Halifa ya ce ya sakar mata yaron. Umar bai ƙara ko kalma ba. Ki samu malamin da Baba yake jin maganarsa ya karanta masa waɗannan biyun. Na ga dattawan da lauya bai iya tanƙwara su ba, amma limamin unguwa ya zauna da su bayan sallar asuba suka sauko.

To yanzu me zai faru in kin je kotu? Alƙali ba zai tsaya tambayar wa ya fi kuɗi ba, don ciyarwa dama a wuyan uba take ko yaran suna ina. Ba zai tsaya kan wa ya jawo mutuwar auren ba. Zai fara da cewa ke ce mai riƙo, sannan ya juya ga tsohon mijinki ya ce: me zai hana ta? Abubuwan da ke hanawa kuwa sanannu ne. Taɓin hankali. Rashin iya kula da yaro saboda tsufa ko doguwar jinya. Cuta mai yaɗuwa da za ta cutar da yaron, litattafan suka ba da misali da kuturta. Rashin amana, kamar shaye-shaye ko bayyanannen lalata. Gidan da babu tsaro, musamman ga 'ya mace da ta fara tasawa. Sai sabon aure, wanda zan yi maganarsa a wasiƙa ta gaba.

A nan ne maza suka fi yin kaye. Na taɓa zama a wata shari'a inda miji ya miƙe ya ce, "Allah gafarta Malam, ba ta da tarbiyya, yawo take yi." Alƙali ya ce ya kawo shaidu. Ranar zama na gaba ya zo da ƙaninsa da wani abokinsa mai shago. Aka tambayi mai shagon abin da ya gani da idonsa, ya sosa ƙeya ya ce shi dai ya ji ana faɗa a majalisa. Alƙali ya ajiye biro ya dube shi, ya ce, "Malam, ji na ce ko gani?" Ita kuwa matar ta kwance wata baƙar leda ta zazzage a kan tebur: katin riga-kafi, katin asibiti, rasit na makarantar Islamiyya, duk da sa hannunta. Ba ta iya dogon bayani ba, muryarta ma rawa take yi, amma ledar nan ta yi mata magana. Ki fara tara naki tun yau, ki kuma nemi mutum biyu masu mutunci, maƙwabta sun fi 'yan'uwa, waɗanda suka san yadda aka ɗauki yaran da yadda kika yi ta neman a dawo da su.

Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci. Idan kika yi shiru lokaci ya ja, gobe zai ce da hannunki kika miƙa su, a Malikiyya kuwa uwar da ta sallama riƙo don kanta ba tare da uzuri ba, dawo mata da shi yana da wuya. Saboda haka kada haƙurin ya yi yawa. Ki fara da manya da mai unguwa, ko ofishin Hisba, suna yin sulhu kuma sau da yawa a nan ake gamawa. Amma ki sani sulhu ne kawai, hukuncin da za a tilasta sai kotu. In ya ƙi, ki je kotun shari'a mafi kusa, ki faɗa wa magatakarda ƙararki, da baki ma ya isa, a rubuta, a kai masa sammaci. Ba dole sai da lauya ba. Ki haɗa roƙo uku a ƙara ɗaya: a dawo miki da yara, a yanka masa kuɗin ciyarwa na wata-wata har da makaranta da magani, a kuma duba kason yaran a kuɗin haya. In ba ki da hali, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta gwamnatin tarayya da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, dukansu suna da mutane a Kano.

Abu ɗaya nake roƙon ki: kada ki je makaranta ki saci yaran. Kina da gaskiya a hannu, kada ki ba shi abin da zai kai wa 'yan sanda.

Barista, na rabu da matata tun ɗanmu yana goye. Shekara biyu ke nan da ta yi wani aure ta tafi da shi gidan mijin. Yanzu shekararsa bakwai, an ce mini har "Abba" yake ce wa mutumin. Ba zan yarda ɗana ya zama agola ba. Na ji an ce da zarar mace ta yi aure riƙonta ya faɗi. In je in ɗauko shi?
Wani magidanci, Tudun Wada, Zariya

Malam, abin da ka ji rabin karatun ne. Haka ne, in uwa ta auri wanda ba muharramin yaron ba kuma ta tare, riƙonta yana faɗuwa. Amma ba hannunka yake faɗowa ba. Mukhtasar na Shehu Khalil, wanda alƙalanmu ke buɗewa kullum tare da littafin Tuhfa, ya jera masu haƙƙin riƙo ne haka: bayan uwa sai uwarta, sai kakarta, sai 'yar'uwarta wato innar yaron, sai innar ita uwar, sai a tsallako ɓangarenka a fara da mahaifiyarka, sannan kai. Ka ƙirga da kanka ka ga layin da ke gabanka. In tsohuwar surukarka tana raye da ƙarfinta, kuma ba gida ɗaya take zaune da 'yarta mai sabon auren ba, ita alƙali zai fara kira. Ko da layin ya iso kanka, sai an tabbatar akwai macen da za ta kula da yaron a gidanka, kuma za a duba wace ce.

Sannan ga shekara biyun nan. A ƙa'idar Malikiyya, in wanda riƙo zai koma hannunsa ya san uwa ta yi aure ta tare, ya yi shiru shekara guda ba tare da uzuri ba, ya zubar da damarsa, yaro ya ci gaba da zama wurin uwarsa. Lauyanta da wannan zai fara, ya ce shekara biyu yaro yana gidan ba wanda ya ɗaga murya, kai ma kana kallo. Za a tambaye ka yaushe ka ji labarin auren, me ka yi a kai. Za a kuma tambaye ka nawa ka aika a cikin shekarun. Ba ka faɗa mini ba a wasiƙarka, ni ma ba zan yi maka zato ba, amma yawancin yaran da na gani suna kiran wani Abba, shi wanin ne yake biyan kuɗin makaranta.

Abin da ba wanda zai hana ka shi ne waliccinka. Kana da ikon ganin ɗanka, da sanin makarantar da yake, da sa baki a tarbiyyarsa. Litattafan sun ce uba yana iya ɗaukar yaro da rana ya kai shi makaranta ko wurin koyon sana'a, da dare ya koma ya kwana wurin mai riƙo. Nemi kotu ta rubuta maka ranakun ziyara da na hutu, wannan za ka samu cikin sauƙi. In kuma kana da hujjar cewa ana cutar da yaron a gidan, duka ko yunwa ko hana karatu, to wannan wata shari'a ce daban, kuma shirun shekara ba zai ɗaure hannun alƙali ba. Zuwa ka ɗauko shi da ƙarfi dai, a'a.

Barista, ni na gaji da auren, na nemi hul'i. Ya ce ba ya son sadakinsa, sharaɗinsa kawai in sa hannu na bar masa yaranmu uku. Ƙawata ta ce in sa kawai, daga baya kotu za ta warware. Haka ne?
Wata baiwar Allah, Gusau

Ƙanwata, ƙawarki ba za ta raka ki kwanan kewar yara ba. Malikiyya ta yarda a yi hul'i a kan mace ta sauke haƙƙinta na riƙo, muddin ba zai cutar da yaran ba. Wato takardar nan ba wasa ba ce. In kin sa hannu gaban shaidu, za ta iya ɗaure ki. Akwai malaman da suka ce sa hannunki bai shafe haƙƙin mahaifiyarki ba, ita tana iya tashi ta nema, akwai kuma waɗanda suka ce riƙon ya wuce wurin uba kai tsaye. Ba ki san wanne alƙalinki zai ɗauka ba.

Tambayar da nake so ki yi wa kanki ita ce me ya sa kika gaji. In duka ne, ko rashin ci da sha, ko ƙaurace miki, to ba hul'i ya kamata ki nema ba. Ki kai ƙarar cutarwa. In kin tabbatar da ita da shaidu, alƙali yana da ikon raba auren ba ki biya ko sisi ba, yaranki kuma suna hannunki. Mata da yawa suna sayen abin da kotu za ta ba su kyauta, don kawai suna son a gama yau. In kuwa babu cutarwa, zaman ne ya ƙi, to ki bari a yi hul'in a gaban alƙali, ki tsaya kan mayar da sadaki, a rubuta ƙarara cewa maganar yara ba ta ciki.

Barista, ni Kirista ce, aurenmu na rajista ne. Mijina ya shigar da ƙarar saki, yana zargina da neman wani, ya ce da wannan zai karɓe 'yarmu mai shekara huɗu. Bayanan da kike yi kullum na kotun Musulunci ne. Mu fa?
Wata mai karatu, Kafanchan

Kin yi gaskiya, 'yar'uwa, ga naku. In auren rajista ne na sosai, da takardar shaida daga wurin magatakardan aure ko cocin da ke da lasisin ɗaurawa, to shari'arku ta Babbar Kotun jiha ce, a ƙarƙashin dokar shari'o'in aure ta 1970. Sashe na 71 na dokar ya ce a maganar riƙo, maslahar yaro ita ce gaba da komai. A nan babu jerin dangi irin wanda na lissafa a sama, uwa da uba daidai suke shigowa, sai mai shari'a ya auna: shekarun yarinyar, hannun wanda ta saba da shi, inda za ta zauna, tsarin karatunta, wanda zai kasance a gida in ta taso daga makaranta, halin kowannenku. Yana da ikon tura jami'in jin daɗin jama'a ya je ya ga gidajen biyu ya kawo rahoto. Yana ma iya ba wani na uku riƙon in ya ga ku biyun ba ku dace ba. In yaro ya yi wayo, wasu masu shari'a sukan kira shi ofis su ji ta bakinsa, amma 'yar shekara huɗu ba ta kai nan ba.

Game da zargin: Kotun Ƙoli ta yi magana a shari'ar Williams da Williams a 1987, ta ce ba a ba da riƙo don a hukunta mai laifi ko a saka wa mai gaskiya, kuma ko an tabbatar da neman wani, wannan kaɗai bai isa a raba uwa ko uba da ɗa ba sai in yanayin abin ya shafi yaron. A shari'ar Odogwu da Odogwu a 1992 kuma ta ce ƙaramin yaro ana ɗauka zai fi samun natsuwa wurin uwarsa, sai an kawo hujja bayyananna ta akasin haka, irin su taɓin hankali, muguntar uwa ga yaron, cuta mai yaɗuwa ko lalatar ɗabi'a. Kin ga ke nan zargin ba a banza zai tafi ba in ya iya nuna cewa kina barin yarinyar ita kaɗai da dare, ko kina shigo da mutum gabanta. In ba zai iya ba, shekarunta suna tare da ke. Wannan kotun kam ki nemi lauya, takardunta da yawa.

Ga waɗanda aurensu na gargajiya ne aka sa masa albarka a coci kawai, su kotun gargajiya za su. Can ma tsohuwar maganar nan ta cewa wanda ya biya sadaki shi ke da yara ta daina cin kasuwa yadda take so: tun 1989, a shari'ar Okwueze da Okwueze, Kotun Ƙoli ta ce ba za a bi wannan al'adar ba in za ta cutar da yaron. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ita ma da maslahar yaro ta buɗe, jihar Kaduna ta yi tata a 2018, Kano a 2023.

Barista, kotu ta bar wa tsohuwar matata riƙon yaranmu biyu, ban yi jayayya ba, ina biyan abin da aka yanka mini. Yanzu wurin aiki sun mayar da ni Legas, can zan koma da zama gaba ɗaya da iyalina. Zan iya tafiya da su?
Wani ma'aikaci, Katsina

Alhaji, a littafi kana da ƙofa. In waliyyi zai ƙaura ƙaura ta zama, ba tafiyar fatauci ko ta 'yan watanni ba, zuwa wuri mai nisan baridi shida ko fiye, wato mil 72, sama da kilomita 100, kuma hanya da garin akwai aminci, yana iya neman tafiya da yaran, sai fa in uwar ta ce ita ma za ta koma garin. Haka ita ma in ta tashi irin wannan ƙaurar, kana iya neman a karɓi yaran daga hannunta. Katsina zuwa Legas ta ninka wannan nisan sau da yawa.

Amma hukuncin kotu yana nan daram har sai kotu ta canza shi, don haka komawa za ka yi gaban alƙalin ka nemi a sake dubawa, da takardar canjin wurin aiki da bayanin gida da makarantar da ka tanada. Ka shirya jin tambayoyi masu zafi: wa zai riƙe su a can, matarka ta yarda, suna tsakiyar zangon karatu ne, ƙaramin ya isa rabuwa da uwarsa? Ni dai a ganina wannan ƙa'idar an gina ta ne a zamanin da uba in ya bi ayari ya yi nisa, labarin ɗansa ma sai a shekara. Yau kana iya duba sakamakon jarrabawarsu a waya kafin ka kwanta. Da kai ƙanina ne, da na ce ka bar su inda suke, ka nemi a rubuta maka dogon hutu da Sallah ɗaya a cikin biyu.

In kun shiga kotu, ka kasa kunne a ƙarshe. Kafin alƙali ya yanke hukunci dole ya yi i'izari, ya tambayi wanda hukuncin zai hau kansa ko yana da sauran magana ko hujja. Kada ka ce "babu" don kunya alhali akwai, don ana rubutawa. Wanda bai gamsu ba yana da damar ɗaukaka ƙara zuwa kotu ta sama, har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ikon duba irin waɗannan shari'o'in na aure da riƙon yara. Lokacin ɗaukakawa ƙayyadadde ne, yawanci kwana 30, saboda haka a ranar da aka yanke ka biya kuɗin kwafin hukuncin.